Jarumin da bai san tsoro ba, a ina aka taɓa yin sa?

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin malamanmu da masu karatun tarihi. Ina rubuta dogon labari a kan zamanin jihadi, daga hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a 1804 har cin Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Jarumin ba Shehu ba ne, ba kuma ɗaya daga cikin manyan da aka sani ba. Wani almajiri ne na ƙirƙira, matashi, da ya biyo malaminsa daga Degel. A babin yaƙin Tsuntsuwa na nuna shi gwiwoyinsa na rawa, yawun bakinsa ya ƙafe, ya kasa ɗana kibiya, har ya kwanta cikin gawawwaki sai da dare ya yi. Masu karatu sun yi mini ca. Wasu sun ce na ci mutuncin mujahidai, wai mai imani ba ya tsoro. Wasu kuma sun ce babin ne ya fi taɓa su. Ku raba mu don Allah.

Ɗan Kanwuri:
Wa alaikumus salam. Yaya, ina cikin waɗanda suka yi miki ca ɗin, kuma har yanzu ina kan bakana. Me ya sa muke karanta irin waɗannan labarai? Don mu samu himma. Yaranmu sun haddace jaruman Turkiyya na talabijin, suna kwaikwayon yadda suke buga ƙirji, alhali Hubbare na nan cikin gari ba su san abin da mutanen da ke kwance ciki suka yi ba. Yanzu an samu mai rubuta namu, sai kuma ta kawo mana matsoraci? A yaƙin Tabkin Kwatto Jama'ar Shehu dawakinsu 'yan kaɗan ne, yawanci baka da kibiya, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade da lifidi, aka kore shi. Wannan ba aikin masu rawar gwiwa ba ne.

Malam na Gidadawa:
Ɗan Kanwuri ɗana, himmarka na da kyau, amma wanga zance da kac ce mai imani bai tsoro, ina kas same shi? Buɗe Suratul Ahzabi. Allah da kanai Yab ba da labarin sahabbai ranar gwalalo, Yac ce idanu sunka karkata, zukata sunka kai ga maƙogwaro, anka girgiza su girgiza mai tsanani. Sahabbai hwa. Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, Alƙur'ani ya ce ya hita daga birni shina mai tsoro shina waige. Ranar Uhudu Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, sulke biyu yas sa. Ranar Mu'uta da tuta ta iso ga Abdullahi ɗan Rawaha, bayan an kashe Zaidu an kashe Ja'afaru, malaman sira sun kawo cewa sai da yad ɗan dakata, yay yi ma ransa hwaɗa da baitoci, kana yak kutsa har yay yi shahada. Ba su ɓoye dakatawar ba don sun san ba aibi ta ba. To in littattafan sira ba su ji kunyar rubuta wanga ba, mi za ya hana Maman Sadiƙ?

Ɗan Kanwuri:
Allah gafarta Malam, Ɗan Rawaha ya dakata amma ya shiga. Nata kwanciya ya yi.

Maman Sadiƙ:
Babi na tara ke nan, ƙanena. Saura da yawa.

Ɗalibar Tarihi:
Bari in sa baki, don ina ganin matsalar daga yadda aka koya mana tarihin take. A makaranta daga Tabkin Kwatto sai a yi tsalle a dira Alƙalawa, kamar shekaru huɗun da ke tsakani hutu aka yi. Tabkin Kwatto watan Yuni ne na 1804. Kafin shekarar ta ƙare aka yi Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, Gobirawa da Azbinawa suka afka wa Jama'a, aka kashe kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Ku tsaya ku auna wannan. Jama'ar da malamai da ɗalibai ne ƙashin bayanta, rana ɗaya ta binne mahaddata 200. Bayan haka yunwa ta biyo, dabbobi suka ƙare, dole aka tashi aka koma ƙasar Zamfara neman abinci, daga baya aka sauka Gwandu. A 1805 kuma aka yi Alwasa, aka sake shan kashi, har abokan gaba suka biyo su Gwandu kafin a samu a kore su.

Kuma ba Turawa ne suka tono mana wannan ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo yaƙoƙin nan a Infaƙul Maisuri, Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, ya yi su a waƙe a Tazyinul Waraƙati. Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne Malam Abdullahi bai ɗora laifin duka kan ƙarfin abokan gaba ba. Ya juyo kan nasu mutanen, ya ce an fara barin abin da aka fito dominsa, an koma neman ganima da mulki da dawaki da tufafi. Abin ya dame shi har wajen 1807 ya bar rundunar ya yi gabas da niyyar Makka. A Kano aka tsayar da shi, ya zauna ya koyar, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sannan ya komo. Mutumin da ya ja daga a Tabkin Kwatto ke nan. In marubucin yau ya ƙirƙiri kwamandan da ya ajiye yaƙi ya tafi don zuciyarsa ta ƙi abin da yake gani, da an ce ya ɓata tarihi.

Ɗan Kanwuri:
Kina nufin Malam Abdullahi gudu ya yi? A kiyaye harshe dai.

Ɗalibar Tarihi:
Ban ce ba, kar ka sa mini magana a baki. Cewa na yi tafiyar nan tasa ta fi bukatar ƙarfin zuciya a kan tsayuwa gaban dawakin Gobir. A fagen fama kowa na ganinka, ana yi maka kirari. Amma ka dubi 'yan'uwanka da kuka sha wuya tare, ana tsakiyar samun nasara, ka ce musu kun kauce, wannan ba mai yi maka guɗa.

Bagobirin Sabon Birni:
Tun ɗazu nake karatu ina jira in ga ko wani zai tuna da mu. Maman Sadiƙ, ni tsoron almajirinki bai dame ni ba. Tambayata ita ce yadda za ki zana mutanen ɗaya ɓangaren. Don na san yadda aka saba. A littattafan yaƙin da muka taso muna haya, kullum abokin gaba ƙaton arne ne mai jajayen idanu, ga giya ga boka ga tsafi, jarumi ya yi kabbara ɗaya ya sare dubu. In aka ɗauko wannan zubin aka kifa shi kan 1804, kakannina ne za su zama arnan. Alhali Gobir akwai masallatai da limamai da alƙalai, akwai malaman da suka zauna tare da sarki bisa nasu fahimtar. Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar idi, Shehu ya ƙi karɓar kyautarsa ya nemi buƙatu biyar a madadinta, ciki har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sassauta haraji, kuma Bawa ya amsa. Ban ce Sarki Nafata bai hana rawani da lulluɓi ba, ban ce Gobirawa ba su ci Gimbana, garin mabiyan Shehu, ba. An yi. Amma baraden da ya mutu a ƙofar Alƙalawa yana kare garinsu da iyalinsa, shi ba jarumi ba ne?

Ɗan Kanwuri:
Ga shi nan, an fara. Yanzu kuma so ake a daidaita mai gaskiya da marar gaskiya. Shehu ya rubuta hujjojinsa, ba da ka ya yi yaƙi ba.

Bagobirin Sabon Birni:
Shehun Borno Aminu Elkanemi ma malami ne, ya rubuto wasiƙu yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da ke salla. Bello bai ƙone wasiƙun ba, ya sa su cikin littafinsa ya ba da amsa. Shi da ya yi yaƙin ya bar muryar mai ja da shi ta kai gare mu, kai da ka zo bayan shekara 200 kake so a toshe.

Ɗan Kanwuri:
Ni ban ce a toshe ba. Amma wasu in sun samu ƙofa sai sun mai da jihadin gaba ɗaya rikicin ƙabila.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a yi hattara. An goge saƙo biyu. Ba a buɗe zauren nan don Fulani da Gobirawa ba, duk wanda ya sake ambaton ƙabilar wani da zagi zai huta kwana uku. A ci gaba da maganar littafi.

Malam na Gidadawa:
Madalla da mai zaure. Bagobiri, maganarka na da wuri. Ni abin da nika riƙe da shi, Shehu na bisa gaskiya, ban da shakka. Amma riƙon haka bai sa in ce duk wanda yat tsaya wancan ɓangare shaiɗan na ba. Kuma labarin da yam mai da abokin gaba ɗan tsana, jaruminai ya rage ma daraja, don wa ka yabon wanda yak kada ɗan tsana?

Sai dai akwai iyaka, Maman Sadiƙ, ki riƙe ta. Annabi da sahabbai ba a ƙaga musu magana, ko da mai kyau ta. Hadisin wanda yay yi ma Annabi ƙarya da gangan kowa ya san shi. Shehu da Bello da Malam Abdullahi da Nana Asma'u ba annabawa ba na, amma mutane na masu haƙƙi, zuri'arsu na nan muna salla sahu guda. In za su yi magana cikin littafinki, ɗauko daga abin da sunka rubuta, sun bar rubutu mai yawa da Larabci da Fulatanci da Hausa. Kada ki shiga zuciyar Shehu ki ce ga abin da yar raya daren kaza. Ba ki sani ba. Wani Balaraben Labanan, Jurji Zaidan, Kirista, ya rubuta labaran tarihin Musulunci sama da ishirin kahin rasuwatai a 1914, an karanta su ƙwarai, amma malamai sun yi ta kuka da shi don yakan saƙa soyayyar da yaƙ ƙaga cikin manyan al'amurra har mai karatu shi kasa rabe tarihi da ƙage.

To amma almajirinki naki na, ke kinka yi shi, kina da iko da cikinai. Nan ad da amfanin irin wanga rubutu. Akwai hadisi cikin Muslim na mutum ukun da za a fara yi ma hukunci ranar ƙiyama. Guda daga cikinsu wanda anka kashe wurin yaƙi na, shi ce don Allah yay yi, a ce mai ƙarya kaka yi, ka yi don a ce kai jarumi na, kuma an ce. Kin ga daga waje shi da shahidin gaskiya ba su da bambanci, sara guda, jini guda. Mai rubuta tarihi waje ɗai yaka gani. Mai ƙaga labari shi ka iya shiga ciki shi gwada muna niyya tana gyaruwa tana ɓaci. In kinka bar wanga kinka tsaya ƙidayar kawunan da anka sare, kin yi asarar abin da alƙalaminki ɗai ka iyawa.

Maman Sadiƙ:
Allah ya saka da alheri, Malam. Dama Shehu sau biyu kawai ya bayyana a littafin, daga nesa, yaron na hango shi cikin taro. Maganar niyya kuwa ta buɗe mini wata ƙofa. Akwai abokinsa a labarin, wanda ba ya tsoron komai, kowa na yabonsa. Yanzu na san abin da zan yi da shi in an zo rabon ganima.

Baba Tsohon Soja:
Ni ba malami ba ne, ban kuma iya dogon rubutu a waya ba, jikata ke taya ni. Na yi aikin soja har na yi ritaya, an kai mu Laberiya. 'Yata, abin da kika rubuta na bushewar baki gaskiya ne, wanda ya gaya miki ya sani. Na ga mai salla da marar salla duk suna rawa. Bambancin da na gani, mai addu'a yakan samu abin riƙewa, hankalinsa ya dawo da wuri, ya tuna da na kusa da shi. Wanda kuma ke cewa shi ba ya tsoro, mu ba mu son a haɗa mu da shi, don shi ke jawo wa mutane mutuwa. Abu ɗaya zan ƙara. Ku marubuta kuna gama yaƙi da an yi kabbara. Ba nan yake ƙarewa ba. Akwai jinya, akwai wari, akwai wanda zai je ya gaya wa uwa. Ki sa wannan.

Bagobirin Sabon Birni:
Baba ya gama magana. Mu nan gabashin Sakkwato ba a littafi muke karanta tsoro ba. Manomin da ya san 'yan bindiga na daji ya ɗauki fartanya ya ce bismillahi ya fita don yara su ci, da matar da ta kwana tana salati da goyo a bayanta tana sauraren ƙarar babura, in aka ba su littafin da ke cewa mai imani ba ya tsoro, an ce musu ba su da imani ke nan.

Maman Sadiƙ:
Wallahi wannan ya sa jikina ya yi sanyi. Allah ya kawo mana ƙarshen abin nan.

Ɗalibar Tarihi:
Amin. Tunda an ambaci mata, Yaya kar ki bar su a bayan fage suna kuka kawai. Nana Asma'u tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira, duk yunwar nan da tashin nan da ita aka yi, daga baya ta tsara tafiyar a Waƙar Gewaye. Kuma 'Yan Taru da ta kafa, shugabanninsu da ake kira jaji na sa malfa suna jagorantar mata daga ƙauyuka a ƙafa zuwa wurinta ɗaukar karatu su koma su koyar, wannan kaɗai ya isa littafi.

Amma ni in da zan roƙi marubutanmu, 1903 zan ce su rubuta. Ranar 15 ga Maris aka yi yaƙin Giginya da Turawa a Sakkwato, bindiga mai ruwa ta gama da dagar cikin ɗan lokaci. Daga nan manyan mutum biyu suka rabu hanya. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda bai fi 'yan watanni a kan gado ba, ya zaɓi hijira, ya yi gabas, jama'a suka yi ta binsa gari gari suna barin gonakinsu, har aka tsare su a Burmi cikin jihar Gombe ta yanzu, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli tare da ɗaruruwan mutane. Ɗansa Mai Wurno ya wuce da sauran har Sudan, garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu na nan da sunansa. Waziri Buhari kuwa ya komo Sakkwato. Ya shawarci malamai, aka duba cewa in kowa ya tafi wa zai tsaya wa talakawan da ba su iya tafiya, wa zai riƙe salla da shari'a, aka yi sulhu da Nasara a zahiri. Abin bai bar shi ya yi barci ba, sai da ya rubuta risala yana bayyana wa masu ilimi dalilinsa da irin damuwar da ya shiga. Duka biyun Musulmi, duka biyun da hujjarsu daga littafi. To wane ne jarumin?

Ɗan Kanwuri:
Wannan ai ba tambaya ba ce. Wanda ya ba da ransa.

Malam na Gidadawa:
Sannu dai ɗana. Ka san daga unguwar da nika magana, Gidadawa ta zuri'ar Waziri, sai ka ce son kai na, to bari in kawo maka wadda ba ta Gidadawa ba. Mu koma Mu'uta. Da tuta ta iso ga Halidu ɗan Walidu, dubawa yay yi yag ga in anka ci gaba ba mai komawa, yaj janye rundunar da dabara yak kai ta Madina. Mutane sunka tarbe su suna watsa musu ƙasa suna ce musu magudana. Annabi yac ce a'a, masu komawa na in Allah Ya so. Yaƙi guda, Ja'afaru ya tsaya har anka sare hannuwanai, Halidu ya janye, kuma Annabi bai zargi ko guda cikinsu ba. Attahiru, Allah Shi jiƙanai, ya ɗauki wadda ta hi kyawon waƙa. Buhari ya ɗauki wadda za a zage shi a kanta, shina sane. Ni ban iya ce maka ga wanda yaf fi lada, wanga na ga Allah. Amma in marubuci na son aiki mai wuya, shi zauna da wani alƙali ko limamin da yaƙ ƙaga, daren da za a yanke shawara, iyalinai sun ɗaure kaya, maƙwabtanai tsohi da guragu na zaune ƙofar gida suna jiran su ji ko za ya bar su.

Ɗan Kanwuri:
Na ji, Allah gafarta Malam, kuma ba zan yi musu da ku ba. Amma ku ma ku duba mana. Mu matasa kullum haƙuri ake ba mu, a ce a bi a hankali, a duba maslaha. In littafin ma ya zo ya ce mana wanda ya zauna daidai yake da wanda ya tafi, yaushe za mu ga misalin wanda ya ce a'a?

Baba Tsohon Soja:
Yaro, waɗanda suka ɗauki yaran mutane suka kai daji a Borno, da irin wannan zaƙin bakin suka ɗauke su. Labarin takobi suka ba su, ba su ba su karatun da ke gaban takobin ba. Shehu ya yi shekara wajen 30 yana wa'azi da koyarwa kafin a harba kibiya ɗaya.

Ɗan Kanwuri:
Baba, Allah ya tsare ni da wannan hanya, ba ita nake nufi ba. Ina nufin a'a irin ta Magami, da Shehu ya ƙi dukiyar sarki a gaban kowa. Da irin ta Burmi. Yaya Maman Sadiƙ, ki bar yaronki ya ji tsoro, na sakar miki wannan. Amma in ya kai Alƙalawa bai tashi ba, ni da ke ne. Kuma duk ranar da aka rubuta na 1903, babin Burmi zan fara buɗewa.

Bagobirin Sabon Birni:
In ya tashi a Alƙalawa, wanda zai tarar a bakin ganuwa ma ya yi sallar asuba kafin ya ɗaura warki, kuma shi ma uwarsa na cikin gari. Maman Sadiƙ, ki ba shi suna.